Inda na kai da kwarashi kafin hunturu ya shigo

Ƴan uwa masu koyo, sannunmu da ƙoƙari. Wadda ta daɗe tana saƙa da tsinke biyu irina za ta ɗauka kwarashi aikin yini guda ne, tunda zare dai zare ne. To, akwai abin da ke zuwa kyauta: sanin kaurin zare da ido, jin saƙa ta yi tauri tun kafin ta yi nisa, da haƙurin ƙirge. Amma hannu kam sai an sake masa tarbiyya.

A tsinke biyu da hannun dama na saba naɗa zare, idanun saƙar kuma a jere suke kan tsinke ina kallonsu duka. A kwarashi madauki ɗaya tak ke rataye a ƙugiya, zaren ya koma hannun hagu, yatsan da ke ɗauke da shi kuwa shi ne mai sakinsa ko tsuke shi. Ashe mai aikin na gaskiya hagu ne, dama ƙugiya kawai yake juyawa. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu a unguwar Mabera ta Sakkwato, wadda ta yi shekaru tana saƙa huluna, ta leƙa sarƙar da nake ja ta ce, "Ɗiyata, saki hannunki, zaren ga ba shi gudu." Sai ta ba ni dabara: a ja sarƙar farko da kwarashin da ya ɗan fi wanda za a yi aikin da shi kauri. In aikin na mai milimita 3 ne, a yi sarƙar da mai 3.5 ko 4, sannan a koma. Tun daga nan gindin saƙata ya daina tsukewa.

Abu ɗaya da kwarashi ya fi tsinke biyu daɗi: in an kira salla ko baƙi sun yi sallama, sai ki ja madaukin ya yi tsawo ki ajiye. Babu fargabar ido ya zame ya warware har ƙasa.

Yanzu ina kan hular jariri, kuma nan ne na fi jin daɗin lissafin. Da gajeriyar saƙa, wadda ake soka ƙugiya a ido ba tare da an fara naɗa mata zare ba, zagayen farko ido 6, na biyu 12, na uku 18, na huɗu 24, kowane zagaye ana ƙara 6. Da doguwar saƙa kuwa, wadda ake naɗa zare sau ɗaya kafin a soka, daga 12 ake farawa, a riƙa ƙara 12. In ƙarin ya gaza sai abin ya lanƙwaso kamar ƙoƙo, in ya yi yawa bakin ya yi ta tattarewa ya ƙi kwanciya. Abin sha'awar shi ne lanƙwasowar nan ita ce hular: da zarar faɗin ya kai girman tsakar kai, sai ki daina ƙari ki ci gaba da zagayawa, gefen zai sauko da kansa. Ina maƙala ɗan guntun zare mai wani launi a idon farko na kowane zagaye, don yara na iya katse miki ƙirge a kowane lokaci.

A saƙar layi-layi kuma ku kula da sarƙar juyawa, wato wadda ake ja kafin a fara sabon layi: ɗaya ga gajeriya, uku ga doguwa. Idon ƙarshe na layi yana son ɓuya, kuma shi ne yake sa gyale ya riƙa tsukewa yana hawa. Ku ƙirga kowane layi har hannu ya saba.

Masu koyo ta YouTube, ku fara duba ko mai koyarwar ƴar Amurka ce ko ƴar Ingila, don sunayen da suke ba saƙa sun saɓa. Abin da Amurkawa ke kira saƙa ta ɗaya, wato gajeriyar nan, Turawan Ingila ta biyu suke ce mata. Ni hannun mai yin nake kallo, ba bakinta ba.

Sai maganar zare, wadda a ganina ta fi komai muhimmanci gare mu a Sakkwato. Yawancin ulun da ake samu a Babbar Kasuwa na roba ne. Yana da araha, launukansa na da kyau, ya kuma dace da kayan sanyin jarirai. Amma sanyinmu na ɗan lokaci ne, Disamba da Janairu ne ƙarfinsa, daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi kan haura digiri 40. Wa zai sa wa ɗansa rigar roba a wannan yanayi? Ga shi ba ya son dutsen guga, yana taɓa shi ya narke. Shi ya sa nake ganin kwarashi ya fi tsinke biyu dacewa da garinmu: da zaren auduga za ki saƙa jaka, marfin kwano, shimfiɗar tebur, ko farar hular maza mai huji-huji, abubuwan da ake nema duk shekara. Sai dai auduga ba ta miƙewa, tana gajiyar da yatsu, kwarashi kuma ya fi cin zare, don haka ku sayi launi guda isasshe tun farko, kada a koma a tarar ya ƙare.

Ku koya da zare mai haske. Baƙi ko shuɗi mai duhu ba a ganin idonsa, balle da dare in an ɗauke wuta. In iskar hunturu ta fara kuma a riƙa shafa man kaɗe tun da dare, don kaushin yatsa na kama zare ya tsattsage shi.

In na gama hular, jakar auduga ce a gaba. Hannunta nake tunani yanzu, don na ga na wasu yana saki da zarar an sa kaya masu nauyi. Niyyata in saƙa shi da gajeriya, zare riɓi biyu, in sa masa shafin atamfa daga ciki. Wadda ta gwada wata hanya ta riƙe mata, ta faɗa mana.