Wata na tara da jita: yadda gari da kuka suka gyara mana waƙa

'Yan'uwana masu koyon jita da rubuta waƙa, yau wata tara ke nan da muka fara haɗuwa mu huɗu a wani ɗaki da ke bayan shagon yayan ɗayanmu a Sabon Gari, kuma sai a wannan watan ne muka kusa kammala waƙar da zan iya bugun ƙirji in ce tamu ce. Ni ne mai jitar lantarki, ni ne kuma ke rubuta baitoci. Akwai mai jitar bes, wato jita mai kaurin murya, akwai mai ganguna wanda ya koyi kiɗa a coci tun yana yaro, sai mai rerawa, wanda shi ne ƙaraminmu amma ya fi kowa kunne. Muna haɗuwa Laraba da Asabar bayan la'asar, mu tashi kafin magariba, domin bisa wannan sharaɗi ne maƙwabta suka yarda su yi haƙuri da ƙarar amfilifaya da ta janareta.

Wata shida na farko a kwaikwayo suka tafi, kuma ba na nadama. Dole ne yatsu su yi kanta, mutum ya san tsirkiyoyin nan shida da saitinsu na E, A, D, G, B, E, ya kuma iya danne haɗin sauti biyu da kiɗan rock ya dogara a kansa, wato tushe da na biyar ɗinsa, ba tare da sauran tsirkiyoyin sun tsoma baki ba. Ko 'yan ƙungiyar Beatles ta Liverpool, daga 1960 sun sha kwana suna kaɗa waƙoƙin Amurkawa a gidajen rawa na Hamburg ta Jamus kafin duniya ta san su da nasu. Kuskurenmu shi ne mun so mu zauna a kan kwaikwayon. Mai rerawa yana ta karya harshe da Turancin da bai taɓa zuciyarsa ba, ni kuma ina bin yatsun wani Bature a bidiyo taku bayan taku, duk wanda ya leƙo ɗakin sai ya ce mun iya, amma babu wanda ya taɓa tambayar yaushe za mu sake haɗuwa.

A wata na bakwai na zo da baitocin Hausa. Labarin wani saurayi ne da ya daɗe a ci-rani, ya dawo Kano ya tarar mahaifiyarsa ta rasu, kuma layin da na fi ji da shi yana cewa: "Na shigo gari da kuka." Na riga na tsara karin a kan jita tun kafin in rubuta kalma ɗaya, don haka sai na cusa layin a cikinsa kamar yadda ake cusa kaya a buhu. Karin ya ja gaɓar farko ta "gari" har tsawon bugu biyu, sannan ya sauka ƙasa a gaɓar ƙarshe ta "kuka". Mai rerawa bai kai ƙarshen layin ba sai mai bes ya jingine jitarsa yana dariya har da hawaye, ya ce da ni: "Yaya, cefane aka aike ka ne?" Na ji haushi ƙwarai, amma da na sake saurare sai na ji abin da ya ji. Garin da aka ja wasalinsa na farko ya tashi daga birni ya koma garin tuwo, kukan da muryarsa ta faɗi a ƙarshe kuma ya zama kukar miya. Saurayin da na so mutane su tausaya masa ya shigo ne ɗauke da kayan tuwo da miyar kuka.

Wannan dariya ce ta sauya mini hanyar aiki gaba ɗaya. Kalmar Hausa tana zuwa da nata karin, da hawa da sauka, da dogon wasali da gajere, kuma wanda ya tilasta mata bin karin jita zai iya wayar gari yana faɗar abin da bai nufa ba. Yanzu nakan fara da magana. Ina furta layin sau goma kamar yadda zan faɗa wa aboki a majalisa, in ɗauka a waya, in sa alama a kan kowace gaɓa, ta sama ko ta ƙasa, doguwa ko gajera, sannan in nemi sautukan a wuyan jita. Sautuka biyar na A, C, D, E da G, waɗanda masu koyon rock da yawa suke farawa da su, sun ishe ni mafi yawan lokuta, kuma a kunnena ba su da nisa da abin da mai kukuma ko mai garaya yake yawo a kai. Ba na cewa kowace gaɓa sai an bi ta sau da ƙafa, domin mawaƙan gargajiya ma sukan lanƙwasa kalma idan ma'ana ba za ta salwanta ba, amma kalmar da ke ɗauke da nauyin layi, musamman ta ƙarshe, ba a wasa da ita.

Da kalmomin suka zauna daidai, sai rigima ta koma kan ganga. Kiɗan rock da muka saba yana tafiya ne da ƙirga huɗu, a doki ƙaramar ganga da ƙarfi a bugu na biyu da na huɗu, sabon karin kuwa ya ƙi shiga wannan awo sai da ɗingishi. Mai ganguna ya ce a bar shi ya gwada ƙirga shida, irin tafiyar da yake ji idan masu kalangu sun ɗauki zafi a wurin biki. Na ƙi, na ce idan aka yi haka kiɗan ya daina zama rock, muka yi mako biyu muna jan wannan magana. Abin da ya karya mini gardama shi ne sauraren Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar da ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta memori kafin Turai da Amurka su san da shi. Jitarsa tana kururuwa kamar ta kowane makaɗin rock, amma tafiyar gangar ta Sahara ce, kuma da harshen uwarsa yake rerawa. Ranar Asabar ta biye na ce wa mai ganguna ya buga abin da yake so, kuma tun a zagaye na farko layin ya daina ɗingishi.

Mai rerawa ne ya kawo shawarar amshi. Ya ce tunda Shata ba ya tafiya sai da 'yan amshinsa, mene ne zai hana mai bes da mai ganguna su riƙa mayar masa da rabin layi, jita kuma ta amsa sauran rabin? Wannan shawara ta ci mini abin da na fi so, domin doguwar ƙwalisar jita da na yi wata guda ina gogewa don tsakiyar waƙa an datse ta zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Na yi kwana biyu ina kumbure-kumbure. Da muka saurari abin da muka ɗauka a waya, na ga ashe dogon kiɗan nan nuna kai ne kawai, yana raba mai sauraro da saurayin da ke tsaye a ƙofar gidansu.

Daga nan muka yi yarjejeniya biyu. Ta farko, duk waƙar da ta fito daga ɗakin nan sunan mu huɗu za ta ɗauka, ko da wane ne ya zo da layin farko, kusan yadda Lennon da McCartney na ƙungiyar Beatles suka riƙa haɗa sunayensu a kan waƙar da kowannensu ya rubuta. Ta biyu, ba a cewa "bai yi daɗi ba" a yi shiru, sai mutum ya kaɗa ko ya rera abin da yake ganin ya fi.

Akwai sauran aiki. Baiti na biyu har yanzu yana da rauni, domin na bi amsa-amo har na sa saurayin ya faɗi kalmar da ba mai juyayi da zai faɗa, kuma mai rerawa ya ce ba zai rera shi a gaban mutane ba sai an gyara. Bushewar hunturu tana sa saitin jita ya goce bayan kowace waƙa biyu, saboda haka na koma ajiye ta cikin jakarta nesa da taga. Mun leƙa situdiyo biyu a wajen Zoo Road, duka da fiyano da kwamfuta suke haɗa kiɗa, ɗakin ɗaukar muryarsu kuma ba zai ci jerin ganguna ba. Kafin mu sami wurin da ya dace, za mu ci gaba da ɗauka a ɗakinmu, mu jingina tsohuwar katifa a bango, mu ɗora wayar a kan kujera kusa da lasifikar bes, nesa da kugen mai ganguna wanda ya cinye muryar mai rerawa a ɗaukar makon jiya.