Abin da ƙirgar masu fita zaɓe a ƙaramin gari ta koya mini

Tambayar da na fara da ita ita ce: me ya sa ƙaramin gari da kowa ya san inda ya karkata yake ba da sakamako daban daga wannan zaɓe zuwa wancan? Da farko na ɗauka mutane ne ke sauya sheƙa. Da na zauna da takardu sai na ga ba haka ba ne. Ra'ayin mutane bai cika motsi ba. Abin da ke canzawa shi ne wa ya fito, wa ya kwanta a gida.

Kayan aikin ba su da yawa: rajistar masu zaɓe, sakamakon zaɓe uku da suka wuce, da littafi ɗaya. Sakamakon rumfa-rumfa nake nufi, ba jimillar gari ba, don jimilla tana haɗiye komai. A kowace rumfa nakan rubuta yawan waɗanda ke rajista, waɗanda suka jefa ƙuri'a, ƙuri'un da suka lalace, da abin da kowane ɗan takara ya samu. Kuma zaɓe iri ɗaya ake kwatantawa. Na shugaban ƙasa da na kansila ba su ja wa mutane hankali daidai ba, haɗa su ɓata lissafi ne.

Kuskurena na farko shi ne yarda da rajista yadda take. A ce rumfa tana da mutum 600, aka jefa ƙuri'a 240. Sai a ce kashi 40 cikin ɗari ne suka fito, a hau zagin mutane da rashin kishi. Amma rajista ba ta mutuwa, ba ta ƙaura. Akwai sunayen waɗanda suka rasu, da waɗanda aure ko aiki ko karatu ya kai wani wuri. Maganinsa shi ne a zauna da mutum biyu ko uku da suka san unguwar ciki da waje, a bi suna ɗaya bayan ɗaya da fensir. Idan aka fitar da 120, saura 480 ke nan, kuma waɗannan ƙuri'u 240 sun koma kashi 50. Aikin yana da gajiyarwa, amma in ba a yi shi ba, duk lissafin da zai biyo baya a kan yashi aka gina shi.

Na biyu, na daina duban kaso, na koma duban ainihin adadi. A ce ɓangare ɗaya ya samu 150, ɗayan 90. A zaɓe na gaba na farko ya samu 110, na biyu 95. A kaso, na farko ya sauko daga kusan 63 zuwa kusan 54, sai ka ji ana cewa gari ya juya. Ina juyin? Ƙuri'a biyar kacal na biyu ya ƙara. Mutanen na farko ne ba su fito ba, galibi saboda sun ce ai mun riga mun ci. Su ma marasa rinjaye sukan zauna, su ce ko mun je ba abin da zai canza. A ƙaramin wuri mutum talatin da suka fasa fita sun isa su sauya kamannin sakamako.

Tambayar mutum wa zai zaɓa ba ta kai ni ko'ina ba. Inda kowa ya san kowa, kunya da gudun ɓacin rai kan sa mutum ya amsa maka da abin da kake son ji, gobe ya amsa wa abokin hamayya haka nan. Har wanda bai je zaɓe ba sai ya ce ya je. Haka kuma kuskure ne a ji ta bakin maigida a rubuta ƙuri'a shida. Shi kaɗai ya yi magana, iyalinsa kowa zai shiga ya dangwala abin da ransa yake so. Sai na sauya tambayoyin: katinka yana hannu? Ka duba sunanka a rajista? Ka san rumfarka? Da ƙarfe nawa za ka tafi, kuma da wa? A nan ake gano ainihin cikas, tsohuwar da ba mai raka ta, mai jego da ba za ta iya dogon layi ba, matashin da aka mayar da sunansa wata rumfa bai sani ba.

Ba ni na fara gano amfanin bin gida-gida ba. A 1998, masu binciken siyasa Alan Gerber da Donald Green sun gwada a birnin New Haven na Amurka, suka ga magana baki da baki ta fi kiran waya da wasiƙa fitar da mutane. A jihar Michigan kuma, a 2006, an aika wa mutane wasiƙa ɗauke da bayanin wanda ya yi zaɓe da wanda bai yi ba cikin maƙwabtansu, fitowa ta kai kashi 37.8 a cikin waɗanda aka aika wa, alhali kashi 29.7 ce a cikin waɗanda ba a aika wa komai ba. Wannan dabarar ta biyu ban ba da shawararta ba. Tana aiki, amma a ƙaramin gari tona asiri za a ɗauke ta, kuma gaba ce za ta daɗe bayan zaɓe ya wuce.

Ziyara biyu nake yi, ɗaya makonni kaɗan kafin zaɓe lokacin da gyara yake yiwuwa, ɗaya ana jibi zaɓe don tuni. Wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya zama ɗan unguwar, baƙon fuska ba a sakin jiki da shi. Ranar zaɓe kuwa, da an gama ƙirga nake kwafe sakamakon rumfar a littafi nan take, har da lalatattun ƙuri'u. Rumfar da ƙuri'unta suka lalace da yawa nakan sa mata alama, don can zan fara zuwa gaba in nuna yadda ake cike takardar da naɗe ta.