Ziyarar Fas: daga filin jirgi zuwa ƙofar zawiyar Shehu Tijjani

In ka cire Makka da Madina, da wuya a sami birnin da ɗan Tijjaniyya na Kano ko Damagaram ko Kumasi ke kwana da shi a zuciya kamar Fas ta ƙasar Maroko. Can Shehu Ahmadu Tijjani ya koma a 1798, can ya rasu a 1815, kuma kabarinsa na cikin zawiyarsa a tsohon gari. Tafiyar ba ta da wahalar da ake zato. Abin da ke ɓata wa mutane ita ƙananan abubuwa ne, yawancinsu kuma tun daga gida ake gyara su.

Fara da takardu. Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma ofishin jakadancin Maroko yana Abuja. A bar aƙalla wata shida kafin fasfo ya ƙare, a tanadi shaidar masauki da tikitin dawowa, a sa katin rigakafin shawara cikin jaka. Mutanen Nijar sun daɗe suna shiga ba biza, amma doka kan sauya, don haka a tambaya kafin a biya kuɗin jirgi, ba bayan an biya ba.

Royal Air Maroc na tashi daga Legas da Yamai zuwa Kasablanka, tafiyar da ba ta kai awa biyar ba. Yawanci cikin dare ko gab da asuba yake tashi, kuma nan ake yin kuskuren da ya fi ciwo: in tikiti ya nuna ƙarfe uku na dare ranar Talata bisa lissafin Bature, to daren Litinin wayewar Talata za ka kasance a filin jirgi. Agogon Maroko ɗaya ne da namu, sai a watan azumi da sukan mai da shi baya da awa ɗaya.

Kada ka taho da naira ko sefa da nufin canji a can. Taho da dala ko yuro. Dirhami kuɗi ne da ba a cika samunsa a wajen ƙasar ba, kuma dala ɗaya takan kama dirhami tara zuwa goma. Canza kaɗan a filin jirgi, abin da zai ishe ka jirgin ƙasa da tasi da layin waya, sauran ka bari sai cikin gari, ka kuma adana rasit saboda mai da ragowar ranar dawowa. Ɗan Najeriya ya riƙo adafta, don soket ɗinsu mai baki biyu ne irin na Nijar.

Tashar jirgin ƙasa tana ƙarƙashin filin jirgin Kasablanka, wato Muhammad na Biyar. Ka hau zuwa tashar Casa Voyageurs da ke cikin birnin, wajen rabin awa, daga nan ka canza zuwa na Fas, wanda ke bi ta Rabat da Meknes cikin kusan awa huɗu. Jirgin nan mai gudu, Al Boraq, Tanja ya nufa, ba ya zuwa Fas. Mai tafiya da dattijo ya ƙara ɗan kuɗi ya yanki babban aji, ya fi sarari ga mutum da kaya.

Inda aikin yake shi ne tsohon gari, Fas el-Bali. Tashar jirgi tana sabon gari, za ka ɗauki ƙaramar tasi ja, wadda ba ta ɗaukar fiye da mutum uku, kuma ka ce a kunna mita. Mota ba ta shiga tsohon gari. Lunguna ne dubbai, wasu ko mutum biyu ba sa giftawa, ga hawa ga gangara, jakuna da alfadarai da amalanke ke ɗaukar kaya. In ka ji an ce "balak", to ka manne da bango. Direbobi sun saba sauke baƙi a Bab Bou Jeloud, ƙofar nan mai shuɗin ado, amma daga can zuwa zawiya doguwar gangara ce ta titin Talaa Kebira, kuma dawowar hawa ce da ke sa gwiwa kuka. Mai niyyar ziyara ya ce a kai shi dandalin Rasif, wanda ake rubutawa R'cif. Daga nan zawiya da masallacin Ƙairawiyyin 'yan mintuna ne a ƙafa. A ganina masaukin ma a nan kusa ya kamata a kama, ko da ɗakin bai kai na sabon gari kyau ba, domin wanda zai nemi tasi kafin asuba da wuya ya riski jam'i kullum. Taswirar waya takan rikice cikin lungunan nan. Ka riƙe katin masaukinka, in ka ɓata ka tambayi mai shago, ba saurayin da ya tare ka yana cewa hanya a rufe take ba. Ɗan rakiya na gaskiya yana da katin shaida na hukuma, kuma a gama ciniki kafin a ɗaga ƙafa.

Shirya kwanakin ta yadda Juma'a za ta faɗo ciki, saboda zikirin bayan la'asar. Kwana huɗu shi ne mafi ƙaranci, kwana biyu gajiya kawai za ka kwaso. Ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, tsaraba sai Asabar. Masallatan unguwa sukan rufe tsakanin salloli, kada ka ɗauka za ka kishingiɗa a ciki kamar yadda muka saba. Abin da zai sanyaya ma rai shi ne ƙasar Malikiyya ce, karatunsu Warshu ne, rubutunsu ɗan'uwan na allonmu ne, kuma bayan asuba da magariba za ka ji ana karanta hizbi cikin jam'i. Larabcin kasuwa, Darija, zai yi wa ɗan makarantar soro nauyi da farko, amma suna gane na littafi, mai Faransanci kuma ya huta.

Sanyi ne ke kayar da mutanenmu. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare kan sauka zuwa wajen digiri biyar, ga ruwan sama, ga gidaje masu daɓen tayil da ba sa riƙe ɗumi. Babbar riga da silifa ba za su yi ba, sai rigar sanyi da safa da takalmi sau-ciki mai kama ƙasa, don duwatsun hanya na santsi. A tambayi mai masauki ko akwai ruwan zafi da abin ɗumama ɗaki, musamman tunda Jauharatul Kamali, salatin da ke cikin wazifar Tijjaniyya, ba a karanta ta da taimama. Yuli da Agusta kuwa zafi kan tasam ma digiri 40. Maris zuwa Mayu, ko ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba, su ne lokacin.

In an gama ziyara, Ƙairawiyyin da Fatima al-Fihri ta kafa a 859 tana nan kusa, haka hubbaren Maulaya Idris da makarantar Attarin. Majemar Shuwara ma ta cancanci leƙawa, musamman ga wanda ya san cewa jar fatar akuyar Sakkwato da ta ratsa Sahara ita Turawa suka riƙa saye da sunan fatar Maroko. Daga saman shagunan fata ake kallon ramukan rini, za a miƙo maka ganyen na'ana'a saboda wari, kuma farashin farko da za a faɗa maka na buɗe ciniki ne kawai.