Abin da koyar da ƙwallon tebur ya nuna mini game da robar anti

A cikin masu zuwa atisaye wurinmu, dattawa ne suka fi yi mini tambaya a kan robar anti. Mutum ya haura hamsin, gwiwa ta fara ciwo, ga samari na ta watsa masa ƙwallo mai juyi yana kasa tarewa, sai ya ja ni gefe ya ce, "Koci, wace anti ce ta fi kyau in sa a kawo mini?" Shekarun da na yi ina koyarwa, ina kuma manna wa mutane roba a raket, sun sa na daina amsa wannan tambaya da sunan kamfani. Sai na fara tambayarsa inda yake tsayawa: dab da tebur, ko can baya?

Ga wanda bai san ta ba, anti roba ce mai sumul a ido kamar kowace roba, amma fuskarta na da santsi, ba ta kama ƙwallo. Robar da aka saba da ita tana riƙe ƙwallon na ɗan lokaci, ta karya juyin da ya zo da shi, ta ɗora masa nata. Anti kuwa ƙwallon zamewa yake yi a kanta, ya ci gaba da juyawa yadda yake, hanyarsa kawai ta canza. To juyin gaba da abokin wasa ya bugo da ƙarfi, idan ya koma masa sai ya zama juyin baya, ya ɗaga ya ga ƙwallo ya nutse a raga. Idan ya saro maka juyin baya, ya koma masa da ɗan juyin gaba. Kamar ɗan aike take, saƙon da aka ba ta shi take mayarwa. Duk wanda bai riƙe wannan a ka ba, kwatanta roba goma ba zai amfane shi da komai ba.

Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne cewa sunan anti gida biyu ya rufe, kuma halinsu ya sha bamban. Akwai tsohon gida, irin su Butterfly Super Anti, Yasaka Anti Power da Nittaku Best Anti. Waɗannan suna da ɗan kamu kaɗan a fuska. Ba sa mayar da juyi da yawa, galibi kashe shi suke yi, ƙwallo ya koma a mace yana lilo. Amma saboda wannan ɗan kamun za ka iya sara da su daga nesa, ka tura, har ka kai ɗan hari idan ƙwallo ya taso. Mai hannun da ya saba da roba ta yau da kullum yakan gane kansu cikin ɗan lokaci.

Sai sabon gida, masu tsananin santsi, irin Gorilla da A-B-S na kamfanin Dr. Neubauer. Yaɗuwarsu na da dalili. A 2008 hukumar ƙwallon tebur ta duniya, wato ITTF, ta hana roba mai dogayen ƙuraje marasa kamu, wadda masu tarewa a bakin tebur suka dogara da ita. Da aka rufe waccan ƙofa, sai masu ƙera kaya suka nemi irin wannan aikin a roba mai sumul. Waɗannan su ne ke mayar da juyi sosai, har ka tare bugu mai ƙarfi ƙwallon ya faɗi gajere kusa da raga. Kuɗin da za ka biya kuwa ba na aljihu kaɗai ba ne. Ba ka da ikon yin juyi da kanka ko kaɗan. Kusurwar raket sai ka sake koyonta daga tushe, domin in ka kifa shi yadda ka saba tare juyin gaba, raga za ka buga. Kusan a tsaye ake riƙe shi. Kuma duk abokin wasan da ya waye zai daina ba ka juyi, ya riƙa turo maka dogon ƙwallo marar juyi zuwa gefen anti, ya jira ya taso ya kashe. Na sha ganin mutum ya ci ƙwararru biyu a jere, sannan yaron da bai iya juyi ba ya fitar da shi.

Wannan ne ya sa nake ganin lambobin da ake bugawa a bayan kwali ba su da wani amfani wajen kwatanci. Kowane kamfani da ma'auninsa na gudu da na sarrafawa, babu wata hukuma da ta daidaita su, saboda haka tamanin ɗin wannan ba tamanin ɗin wancan ba ne.

Abin da ya fi sunan roba tasiri, a gwajin da muke yi, soso ne, wato shimfiɗar da ke ƙarƙashin robar, da katakon raket. A roba ta yau da kullum, kaurin soso na ƙara gudu. A yawancin anti masu santsi abin juyewa yake yi, don soson nasu na shanye ƙarfi ne: mai kauri ya fi rage gudu, siriri kuma ya bar katako ya yi magana. Doka dai ta tsaya a kimanin milimita 4 ga roba da soso da gam gaba ɗaya. Katako mai tauri yana sa ƙwallo ya bar raket da wuri, juyin da zai koma ya fi yawa. Mai laushi yana ba da sauƙin sarrafawa amma ya rage dafin. Roba guda a kan katako biyu sai ka rantse ba ita ba ce. Shi ya sa idan wani ya ce mini ya gwada wance bai ji daɗinta ba, nakan tambaye shi a kan wane katako, da wane soso, kuma wa ya buga da shi.

Tarihin wasan ma ya nuna cewa rabin ƙarfin anti a dā ɓoyo ne. John Hilton na Ingila ya ɗauki kofin Turai a Bern a 1980, ba wanda ya zata, da raket mai anti a gefe ɗaya da roba mai kamu a ɗayan, launinsu iri ɗaya, yana jujjuya shi a hannu. Cai Zhenhua na Sin ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 1981 da 1983 da irin wannan haɗi, duk biyun Guo Yuehua ya doke shi. Daga nan aka kafa dokar launi biyu, wadda ta zama ja da baƙi a 1986. Sannan ƙwallo ya girma daga milimita 38 zuwa 40 a 2000, aka koma ƙwallon filastik a 2014, juyi ya ragu a wasan baki ɗaya. Robar da abincinta juyin abokin wasa ne, dole wannan ya taɓa ta. Duk da haka ba ta mutu ba. Luka Mladenovic na Lukzambur ya je gasar Olamfik ta Faris a 2024 da anti a gefen raket da yake bugun bayan hannu da shi. Ku kalli wasansa da kyau, za ku ga yawancin makin da yake ci da ɗaya gefen yake ƙarasa su. Anti share fage take yi.

A nan ne nake da tsauri, kuma ba na jin kunyar hakan. Yaro ɗan shekara goma da bayan hannunsa ke da rauni, ba na yarda a manna masa anti don a rufe raunin. Zai ci tsaransa wata shida, iyaye su yi murna, amma bai koyi karanta juyi ba, ranar da ya haɗu da wanda ya san maganinta ba shi da wani makami. Dattijon da ya riga ya san wasa, ƙafa ce kawai ta gaza, shi kam ina ƙarfafa masa gwiwa. In mai ja da baya ne yana sara, tsohon gida. In a bakin tebur yake tsayawa, yana da haƙurin yin watanni ana cin sa kafin hannu ya faɗa, ya gwada mai santsi.

Akwai kuma abin da yanayinmu ke yi. A teburan unguwa, raket ɗin da ya sha rana da ƙurar hunturu robarsa kan bushe ta yi ƙyalli, ta koma rabin anti ba da niyya ba. Wasu na cewa ai ga anti kyauta. Ba ɗaya ba ne: tsakiya ya mutu, gefe na da sauran kamu, ƙwallo biyu ba sa fita iri ɗaya, alƙalin gasa kuma na iya ƙin karɓarsa. Su ma masu santsin na kanti suna son lallami. In fuskarsu ta lanƙwashe wajen mannawa, layin ba ya gogewa, shi ya sa nake amfani da takardar gam maimakon na ruwa, kuma ba na ɓare su daga katako don a gwada a wani. Kafin a aika kuɗi waje, ina duba sunan robar a jerin da ITTF ta amince da shi, sannan in nemi wanda ke da irinta ya ara mana raket na yini ɗaya, a buga da mai juyi da yawa, a kuma buga da marar juyi.