Harbi Uku da Suka Bar Mini Ƙara a Kunnen Hagu

Na taso a Kano ina jin ƙarar bindigogin gargajiya a hawan sallah, kuma a wancan lokacin yaron da ya sa yatsa a kunne idan an ɗirka bindiga, matsoraci muke ɗaukarsa. Da wannan tunanin na zo aiki jihar Wiskonsin ta Amurka, inda ake ware kwana 9 a ƙarshen watan Nuwamba domin farautar barewa mai farin wutsiya da bindiga. Wani abokin aikina ya yi ta jan ra'ayina har na yi kwas ɗin koyon farauta, na yanki lasisi, sannan na sayi bindiga mai cin harsashin .30-06, wanda sojan Amurka suka fara amfani da shi tun 1906. A kwas ɗin an yi mana maganar kare kunne, na ji, na kuma sayi marufin kunne mai kauri, sai dai ban ɗauki maganar da nauyin da na ɗauki maganar inda bakin bindiga yake kallo ba.

Abin ya faru ne makonni biyu kafin buɗe farauta, a filin harbi mai rufin kwano da teburan siminti, inda na je daidaita saitin bindigata. Mutumin da ke kusa da ni yana harba babbar bindiga mai cin harsashin .300 Winchester Magnum, kuma a bakinta an ɗaura wani ƙarfe mai huji ta gefe, wanda ake kira birkin baki. Aikinsa rage naushin da bindiga take yi wa kafaɗa, kuma yana yin haka ne ta hanyar karkatar da iskar fashewar zuwa gefe da baya, wato wajen kunnen mai harbi da na maƙwabtansa. Da ya ga ina kallonta, sai ya ce in gwada. Na kwantar da kuncina a gindin bindigar, marufin nawa ya riƙa tokarar katakon yana hana idona daidaita da madubin saiti, shi kuwa mai bindigar ya koma baya yana duban allon saiti ta madubin hangen nesa. Na zare marufin na rataye shi a wuya, na ce a raina ai harsashi uku ne kawai. Harbin farko ya zo mini kamar an mare ni da tafi biyu a lokaci guda. Ya kamata in ajiye bindigar a nan, amma kunyar kada a ga gazawata ta sa na ƙarasa sauran biyun.

Na koma gida ina jin muryoyin mutane kamar daga cikin rijiya, ga kuma wata siririyar ƙara irin kukan gyare da ta ƙi yankewa. Kunnen dama ya washe bayan kwana biyu, na hagu kuwa ya tsaya yadda yake. Na yi ta cewa zai wuce, har sai da maiɗakina ta ce mini wata rana a kicin, “Malam, sau uku ke nan ina yi maka magana ba ka juyo ba.” Sai bayan mako uku na je asibiti, kuma abu na farko da likitar ta nuna damuwa a kai shi ne jinkirin, domin akwai maganin da ake gwadawa a kwanakin farko bayan irin wannan rauni, wanda amfaninsa yake raguwa idan lokaci ya ja.

An shigar da ni wani ɗan ɗaki da ba ya shigar da sauti, aka sa mini abin sauraro, aka ce in danna maɓalli duk lokacin da na ji ƙara komai ƙanƙantarta. Da aka fito da takardar sakamako, layin kunnen hagu yana tafiya daidai, sai ya faɗa rami a wurin sautin da ke kaɗawa sau 4,000 a daƙiƙa guda, sannan ya ɗan tashi. Ma'aikaciyar gwajin ta ce wannan ramin tambarin raunin ƙara ne, kuma tun kafin in faɗa mata ta gane cewa da dama nake harbi, domin mai ɗora bindiga a kafaɗar dama yana karkatar da kansa ta yadda kunnen hagu ne yake fuskantar bakin bindiga, na dama kuma ya fake a bayan kai da kafaɗa. A can cikin kunne akwai wani sashe mai siffar dodon koɗi, mai ɗauke da ƙwayoyin halitta masu gashi kimanin 16,000, su ne suke mayar da kaɗawar sauti saƙon da ƙwaƙwalwa take fahimta, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Akwai wata 'yar tsoka a tsakiyar kunne da ke ɗaurewa idan ƙara ta yi yawa, amma fashewar harsashi takan zo ta wuce kafin tsokar ta motsa. Waɗannan sautuka na sama da na rasa su ne suke bambanta “s” da “f” da “ts” a magana, shi ya sa nake jin muryar mutum sarai amma kalmomin su cakuɗe mini idan ana hayaniya.

Daga nan na zauna na koyi lissafin da na yi wa riƙon sakainar kashi. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma hira ta yau da kullum tana kusan desibel 60. Hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta sa iyakar desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokacin biyu. Ga ƙara mai zuwa farat ɗaya, iyakar da aka saba ambata ita ce desibel 140. Ƙaramar bindiga mai cin .22 tana kai wa wajen wannan iyakar, manyan bindigogin farauta kuma suna tsakanin 155 da 165, birkin baki da rufin kwano suna ƙara abin da ke isa kunne a kan haka. Tunda ma'aunin ba na jere ba ne, tazarar desibel 20 tana nufin ƙarfin sauti ninki 100.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne koyon sa matoshin kunne na soso, abin da nake gani kamar ba ya buƙatar koyo. A Amurka kowane kwali yana ɗauke da lambar NRR, wadda ke nuna yawan desibel da abin ya rage a ɗakin gwaji, kuma mafi girman da ake samu a na soso ita ce 33. Wannan lambar ba ta bin mutum zuwa fili sai idan ya sa matoshin yadda ya dace. Ana murza shi ne da yatsu masu tsabta har ya zama siriri ba tare da lanƙwasa ba, a zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai a ja kunnen sama da baya domin ramin ya miƙe, a tura shi ciki, sannan a riƙe da yatsa na kusan daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika wurin. Idan wanda ke tsaye a gabana yana hango rabin sosan a waje, to bai shiga ba. Nakan gwada ta hanyar rufe kunnuwana da tafin hannu: idan ƙarar wurin ta canza sosai tsakanin rufewa da buɗewa, sai in cire in sake.

A kan sosan nake ɗora marufi, kuma ba na harba babbar bindiga sai da duka biyun. Da farko na zaci lambobin biyu ake tarawa, ashe ƙa'idar da ake bi ita ce a ɗauki babbar lambar a ƙara mata 5 kawai, domin wani ɓangare na sautin yana bi ta ƙashin kai ya isa cikin kunne ko da an toshe ramin gaba ɗaya. Matsalar da ta sa na cire marufi a ranar nan kuwa maganinta mai sauƙi ne, wato marufi siriri wanda aka rage masa kauri ta ƙasa domin kada ya tokari gindin bindiga. Na kuma gano cewa hannun tabarau mai kauri da gefen hular sanyi suna ɗaga matashin marufin su bar kafa, saboda haka na koma tabarau mai siririn hannu, na sauya matashin da mai laushi irin na jel, hular kuma a kan marufin nake sa ta.

A daji ne mafarauta suka fi samun uzuri, domin kowa yana son jin takun barewa a kan busassun ganye, kuma ana cewa harbi ɗaya ne a shekara. Ni dai ba na karɓar wannan uzurin, tunda harbi uku ne suka yi mini abin da suka yi. Marufi mai batir ya raba gardama: yana ɗauko ƙananan sautuka ya ƙara musu ƙarfi, idan ƙara ta haura wajen desibel 82 kuma sai ya datse ta. Da shi nake zama a kan bishiya tun asuba, da shi nake yin bisimilla in ja kunama. Na'urar rage ƙara da ake ɗaurawa a bakin bindiga tana sauke desibel 20 zuwa 35, amma tana buƙatar rajista a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, kuma ko da ita ƙarar babbar bindiga tana nan kusa da iyakar haɗari. Auduga da ake cusawa a kunne kuwa kusan ba ta tare komai.

Da na je gida hutu na ziyarci baffana, wanda ya shafe shekarunsa yana farauta da bindigar toka, kuma duk dangi mun daɗe muna ɗora rashin jinsa a kan tsufa. A wannan karon na lura cewa kunnen dama yake miƙo mini duk lokacin da na yi magana. Na ce, “Baffa, da wace kafaɗa kake harbi?” Ya dafa ta dama. Na ba shi labarina, na fito da ƙullin matoshin soso na nuna masa yadda ake murzawa. Ya juya ɗaya a hannunsa ya ce, “Ɗana, ni nawa ya riga ya tafi, ka kira yaran nan ka koya musu.” Na zauna da jikokinsa biyu da suke bin sa daji a ƙofar gida, kowannensu ya sa ya cire har sau biyar kafin na gamsu.

Duk shekara a watan Oktoba nake komawa gwajin ji kafin lokacin farauta. Ramin da ke layin kunnen hagu yana nan inda yake, bai cike ba, bai kuma ƙara zurfi ba tun da na fara haɗa soso da marufi. Ƙarar gyaren ma tana nan, na fi jin ta idan gida ya yi tsit kafin sallar asuba, kuma a masallaci nakan nemi gefen hagu na sahu domin kunnen dama ya fuskanci liman.