Daren da muka cire wa mutane kuɗi sau uku

Har yanzu in na tuna daren nan sai raina ya ɓaci. Manhajar saida data da kati muke da ita, da can komai a dunƙule yake kan databes (ma'ajiyar bayanai) guda ɗaya na PostgreSQL, sai muka ce lokaci ya yi da za mu koma maikrosabis, wato a raba manhajar zuwa ƙananan sabis masu zaman kansu, walat daban, oda daban, mai tura saƙo daban. Rabawar da Docker, manhajar da ke sa kowane sabis a akwatinsa, ba ta ba mu wahala ba.

Wajen kuɗi na tafka kuskure. A da cire kuɗi da rubuta oda tare suke tafiya, ko duka su shiga ko duka su fasa. Da kowa ya samu databes ɗinsa sai wannan kariyar ta tafi, ni kuma ban lura ba. Sabis ɗin oda yana kiran na walat ta HTTP, wato ta netwok, in bai ji amsa cikin sakan 5 ba sai ya sake kira, kuma ni na rubuta wannan layin da hannuna. Ranar jajibirin sallah mutane suka yi yawa, walat yana cire kuɗin amma amsa tana makara, oda ya ɗauka bai shiga ba ya sake bugawa, ya kuma bugawa. Wata mata ta turo hoton walat ɗinta a WhatsApp, naira 3,000 sau uku a kan data ɗaya, ta rubuta "Malam ku ji tsoron Allah". Har aka kira asuba muna bin log, wato rikodin abin da manhajar ta yi, muna mayar wa mutane kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya.

Abin haushin ma, maganin ba sabo ba ne. Saga tun 1987 Hector Garcia-Molina da Kenneth Salem suka yi bayaninsa: dogon ciniki a yanka shi mataki-mataki, kowane mataki da nasa aikin warwarewa, in tura data ya gaza sai kuɗi ya koma da kansa. Shi muka bi. Sannan kowane ciniki muka ba shi lamba tasa, walat in ya ga lambar da ya taɓa gani sai ya maimaita tsohuwar amsa kawai, ba ya sake taɓa kuɗi. Saƙon da zai tafi Kafka, layin da sabis-sabis ke aika wa juna saƙo, kuma sai an fara rubuta shi a teburin autboks, inda saƙo ke jiran fita a databes, tare da odar, don ko saba, kwamfutar da manhajar ke gudana a kai, ta mutu a tsakiya ba ya ɓata. Muka ƙara sakit bireka, kamar katawut ɗin wuta, walat in ya fara nishi a daina danna masa kira.

Amma wallahi lambar nan da na sa ta tun ranar farko, aikin yini ɗaya ne, da matar nan ba ta yi mana wannan rubutun ba. Yanzu duk wanda ya kawo min zanen sabis-sabis a ofis, kafin na duba komai sai na ɗora yatsa kan kibiyar da ta nufi walat na tambaye shi, in saƙon nan ya zo sau biyu me zai faru da kuɗin mutum?