Shukar da Ba Ta Tuɓe Ganye a Sanyin Sheffield

Kafin na baro Katsina an yi ta tsorata ni da sanyin Ingila, amma ba wanda ya ba ni labarin duhu. A Sheffield, cikin Disamba, kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Ka fita aiki cikin duhu, ka dawo cikin duhu, ranar hutu kuma ka leƙa taga ka ga bishiyoyi tsirara, ba ganye ko ɗaya. Muna gidan haya ban da ta cewa, sai 'yan tukwanen na'ana'a a bakin taga. Da Allah ya hore mana namu gida mai ɗan fili a baya, na ce wa maigidana ko me za a shuka, ni dai ina son abin da zai tsaya kore har Janairu.

Ceanothus, wani ƙaramin itace mai fure, na fara ganinsa ne a watan Mayu, jikin katangar wata tsohuwa maƙwabciyarmu. Shuɗi ne kamar an tsamo shi daga rijiyar marina, ya lulluɓe reshe har ba a ganin ganyen, ƙudan zuma sai kaiwa da komowa suke. Ita ta gaya mini sunansa, ta kuma ja mini kunne cewa ɗan Kalifoniya ne, ba kowane irinsa ke jure arewacin Ingila ba.

Nan aikin yake. Akwai masu zubar da ganye, irin su Gloire de Versailles, waɗanda sun fi juriyar sanyi, amma me zan yi da su? Abin da nake gudu ke nan. A cikin masu riƙe ganye kuwa, Trewithen Blue ya fi ɗaukar ido, ganye manya, tsayi kamar bishiya, sai dai ya fi dacewa da kudu maso yamma inda sanyi ke da sauƙi. Concha yana da shuɗi mai duhu, yana kai mita 3, filinmu bai kai ya ɗauke shi ba. Saura uku da masu lambu a nan suka fi amincewa da su: Skylark mai ganye da sheƙi, Autumnal Blue da ke fure daga ƙarshen bazara zuwa kaka, da kuma thyrsiflorus repens, gajere mai shimfiɗuwa a ƙasa. A takardar da ke rataye jikin tukunya za ka ga alamar ƙungiyar masu lambu ta RHS. Yawancinsu H4 aka rubuta, wato suna jure sanyin da ya sauka tsakanin digiri 5 zuwa 10 ƙasa da sifili. Tsananin sanyin Disambar 2022 ya nuna wa mutane da yawa cewa wannan lamba ba ado ba ce.

Sai dai sanyi shi kaɗai ba kasafai yake kashe shi ba. Ruwa ne da iska. Ƙasar bayan gidanmu laka ce mai riƙe ruwa, saiwar ceanothus kuwa idan ta kwana cikin danshi duk hunturu ruɓewa take. Gidan kuma kan tudu yake, kamar rabin gidajen garin nan, iska mai sanyi na busar da ganyen har ya koma ruwan ƙasa. Ni da na taso inda ake roƙon ruwa, yau ga ni ina neman hanyar da zan kore shi daga gindin shuka.

Skylark na ɗauka. Ba ya wuce kamar mita 2, furensa kuma yana ɗan makara zuwa farkon Yuni, lokacin da raɓar ƙanƙara ta riga ta wuce. Na jira sai Afrilu na dasa shi, a gindin katangar da ke fuskantar kudu, na haɗa ƙasar da tsakuwa na ɗan tada ta sama. Taki kaɗan ya ishe shi, domin saiwarsa na da ƙulle-ƙullen da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska. Aski ma sama-sama ake masa bayan fure ya kaɗe. In ka sare tsohon itacen, da wuya ya sake tohowa.

Da na nuna wa Hajiyarmu ta waya, tambayarta ta farko ita ce, "Yana 'ya'ya? Ana miya da shi?" Na ce, "A'a Hajiya, kallo ne kawai." Ta yi shiru, irin shirun da ke nufin 'yar nan ta fara zama Baturiya. Abin da ya ɗan wanke ni shi ne da na ce mata dangin magarya da kurna ne, gida ɗaya masana tsirrai suka sa su. Ta ce to ai da sauƙi, ɗan gida ne.

Maƙwabciyata ta ce kada in sa rai ya wuce shekara 10 zuwa 15, haka rayuwarsu take. Maigidana ya ji haka ya yi dariya, ya ce ashe na daina cewa baɗi za mu koma. Ban ba shi amsa ba, don a lokacin ina auna ɗan gangaren da ke gaban gida, inda nake ganin repens zai zauna daidai.